Harbin dabbobin ƙarfe da ƙaramar bindiga: tambayoyin masu son farawa da kuɗi kaɗan

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa daga bakin ƴan'uwa a Yamai, har da wasu daga Tawa, waɗanda suka ga wasan harbin dabbobin ƙarfe a bidiyo ko suka taɓa shi lokacin karatu a Faransa, suna neman bindigar da za ta yi musu aiki ba tare da ta cinye aljihu ba. Na jera su daga na farko-farko zuwa masu zurfi. Wanda yake sauri ya fara da amsar doka da ta rabon kuɗi, sauran duk a kansu suka hau.

Wai mene ne wasan, kuma yaya ake cin maki?

Ana yanka surar dabbobi huɗu daga farantin ƙarfe, a jera su a kan ƴan dandamali, kowace iri da nisanta. A rukunin ƙaramar bindiga, kaza tana mita 40, alade mita 60, talotalo mita 77, rago kuma mita 100. Maharbi yana tsaye da ƙafafunsa, ba tebur, ba jingina, ba igiyar ɗaure hannu. Gasa ta yau da kullum harbi 40 ce, goma ga kowace dabba, ana yin su biyar-biyar, kowane biyar a cikin minti biyu da rabi. Daga hagu ake bi zuwa dama, harsashi ɗaya dabba ɗaya. Idan ta faɗo daga dandamalinta ka ci maki ɗaya. Idan ta yi ƙara, ta juya, amma ta tsaya a wurinta, ba ka ci komai ba. Haka nan idan ka kayar da ta uku alhali layin ta biyu ne, ba a lissafa maka.

Dabbobin ƙanana ne ƙwarai. Faɗin kazar bai kai santimita 7 ba, na ragon kimanin 16. Kashi ɗaya ne cikin biyar na waɗanda masu manyan bindigogi suke harbi a mita 200, 300, 385 da 500. Galibin maharba talotalo ya fi ba su wuya, don jikinsa ƙarami ne a nisansa, wuya da ƙafa sun cinye rabin tsayin. Ana raba mutane aji-aji gwargwadon makinsu, daga B zuwa A, AA, AAA, har ajin gwanaye, don kada sabon shiga ya kara da wanda ya shekara ashirin yana yi.

Daga ina ya fito? Kuma me ya kawo alade a ciki?

Daga Meziko. Ana ba da labarin cewa mahayan Pancho Villa, wani jagoran juyin juya halin Meziko, su ne suka fara shi wajen 1914, suna ɗaure dabbobi masu rai a nesa suna gasar harbi, a yanka a ci daga baya. A 1948 aka fara maye gurbin dabbobin da na ƙarfe a birnin Meziko, a 1952 aka yi gasar ƙasa ta farko. Wasan ya tsallaka Amurka ta jihar Arizona, ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, ta karɓe shi a 1973, sannan a 1992 aka kafa ƙungiyar duniya mai suna IMSSU. Ana yinsa sosai a Faransa, a nahiyarmu kuma Afirka ta Kudu tana cikin masu ƙarfi.

Abin da ake kira alade ɗin wata dabbar daji ce ta can, mai kama da gadu. Masu tambaya da yawa wannan ne yake tsaya musu, da kuma batun sura. Hukuncin wannan na malamai ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da ya burge ni a tarihin wasan shi ne an bar azabtar da mai rai aka koma ƙarfe, kuma mun san hadisi ya hana a mayar da abu mai rai abin koyon harbi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da surar ba, wajen atisaye yana iya amfani da faranti mai da'ira daidai girman jikin dabbar, darasin ɗaya ne.

Malam, doka ta yarda in mallaki irin wannan bindigar a Nijar?

Sai da izini, kuma izinin ake fara nema kafin a yi maganar ciniki. Ƙanƙantar harsashin .22 da ake wasan da shi ba ta fitar da bindigar daga sahun makamai ba. Ma'aikatar cikin gida ce take da alhakin bayar da izinin mallaka, shigo da bindiga daga waje yana da nasa izinin, harsashi ma ba a sayensa kara zube. Ka je da ƙafarka wurin hukuma, ka nemi jerin takardun da ake buƙata a wannan lokacin, a rubuce, kada ka dogara da abin da wani ya ce an yi masa shekaru biyar da suka wuce. Ƙasar nan tana da hukumar tattara makamai na haram, CNCCAI, tun 1994, kuma halin tsaro ya sa an ƙara tsaurara komai. An kafa dokar ta-ɓaci a yankuna da dama, har da Tillia da Tassara a jihar Tawa.

Ina roƙon ƴan'uwa da babbar murya: kada wasa ya kai mutum kurkuku. Bindigar da ba ta da takarda, ko kyauta aka ba ka, ka bar ta. Kada ka ce wani ɗan'uwa ya saƙo maka madubin hangen nesa na bindiga ko kwalin harsashi a cikin kaya ba tare da ka tabbatar duwan da hukuma sun yarda ba. Kada ka fita bayan gari kai kaɗai ka jera ƙarafa ka hau harbi. Jin ƙarar bindiga a daji a yau yana iya jawo abin da ba a gyarawa. Filin da hukuma ta amince da shi kaɗai ne wurin wannan wasan, jami'an tsaron yankin kuma su san da ku. Idan wannan bai samu ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Akwai abin da za ka iya yi kafin nan, duba amsar bindigar iska.

Wane irin harsashi ne .22 LR, me ya sa shi ake amfani da shi?

Harsashi ne mai tashi ta gefe. Ɗauki kwanson da aka riga aka harba ka juya gindinsa: ba za ka ga ɗan maɓalli a tsakiya ba kamar na manyan harsasai, sai wata ƴar lotsawa a bakin gefen. Nan allurar bindiga ta buga. Sinadarin da yake kunna albarushi yana cikin lanƙwasar gefen ne zagaye. Bafaranshe Louis-Nicolas Flobert ne ya fito da dabarar a 1845, shi kuwa .22 LR kamfanin Stevens na Amurka ya fitar da shi a 1887. Kaurin ƙwayar kimanin milimita 5.6, nauyinta wajen giram 2.6 na dalma.

An zaɓe shi don ya fi kowane harsashi araha, ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa da sauƙi, kuma bututu yana daɗewa ƙwarai bai cinye ba saboda dalma ta fi ƙarfe laushi. Kada dai ƙanƙantarsa ta ruɗi kowa. Yana kisa, kuma idan aka ɗaga baki sama yana tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Kuɗina kaɗan ne. A ina ya kamata in fi zubawa?

Ga abin da nake so kowa ya riƙe daga wannan shafin. A tsaye ake harbin, kuma rawar da jikinka yake yi ta ninka kuskuren bindiga sau da yawa. Bindiga mai sauƙin kuɗi, idan lafiyarta ƙalau, tana tara harsasai biyar cikin santimita 2 ko kusa da haka a mita 50. Wannan ya ishi kowace dabba a filin. Sabon maharbi kuwa zai ga saitinsa yana yawo daga gaban rago zuwa bayansa, har ya fita gaba ɗaya. Bindiga mai tsada ba ta maganin wannan, harsashin da ka ƙona kana koyo ne yake maganinsa.

Don haka a wurina jerin shi ne: bindiga matsakaiciya mai kunama mai kyau, madubin da yake komawa inda aka bar shi, sauran kuɗin kuma a ajiye wa harsashi. Na fi son mutum ya raba abin da yake da shi kusan gida uku a kan waɗannan, da ya zuba duka a bindiga ya ɗora mata madubin banza. In kana duba farashi a shafukan Turai, ka tuna Yuro ɗaya sefa 656 ne. Abin da aka rubuta wa Yuro 600 ya kusa jika 394 ke nan, tun ba a sa kuɗin jigila, duwan da takardu ba. Ka yi lissafin da waɗannan a ciki tun farko.

To wace bindiga ce kuke ba da shawara, da sunanta?

Idan mutum ya ce in faɗi guda ɗaya, CZ zan ce, ƙirar ƙasar Cek. Tsohon samfurinsu 452, wanda ya gaji tsohuwar bindigar Cek mai suna Brno, da 455, da sabon 457 da ya fito a 2019, duk sun cika filayen wannan wasa a ƙasashe da dama. Ƙarfensu mai kyau ne, bututunsu yana da saiti, kayan gyaransu suna samuwa, kuma kunamar 457 ana iya daidaita ta. Tikka T1x ta ƙasar Finlan tana kusa da ita a kuɗi da inganci, da ƙota ta roba mai jure yanayi, abin da yake da amfani a nan (duba amsar zafi da hunturu). Savage Mark II ta wani kamfanin Amurka ta fi su araha, kuma kunamarta mai suna AccuTrigger tana da daɗi. Abin da za ka lura da shi a wasu samfuranta shi ne ƙotar tana da ƙasa, kunci ba ya samun wurin zama idan an ɗora madubi.

Can ƙasa akwai Norinco JW-15 ta Sin, kwaikwayon Brno ce. Aikinta da kaushi, wata ta yi kyau wata ta ba da haushi, don haka sai an gwada. Zastava ta Sabiya da TOZ ta Rasha ƙarfe ne mai ƙwari, sai dai kunamarsu kan buƙaci hannun gwani. Can sama kuma akwai Anschütz ta garin Ulm a Jamus. Samfurinta 1712 don wannan wasan aka ƙera shi, kuma ba wanda zai ce ba ta da kyau, amma kuɗinta ya ninka na CZ uku ko fiye. Wanda bai fara kayar da rabin dabbobinsa ba, ba zai ga bambancin a takardar maki ba.

Wani abin da ya fi sunan kamfani nauyi a ƙasarmu shi ne abin da dillali mai lasisi zai iya kawo maka da takardu, da gidan harsashi na biyu, da allura ta canji. Bindigar da allurarta ta karye aka rasa wata, ajiya ce kawai.

Mai sakata ko mai ɗura kanta?

Mai sakata, wadda kake ja da hannu bayan kowane harbi. Minti biyu da rabi na harsashi biyar lokaci ne mai yawa, ba ka bukatar sauri. Mai sakata ta fi sauƙin wankewa, ba ta damu da ƙura sosai ba, tana cin harsashi mai sanyin gudu ba gardama, kuma a kuɗi ɗaya kunamarta kan fi kyau. Ruger 10/22, wadda take kasuwa tun 1964, bindiga ce mai daɗi kuma ana shiga gasa da irinta, amma kafin ta kamo mai sakata sai an sake mata kunama, wani lokacin har da bututu. Arahar ta tafi ke nan.

Na ji ana maganar iyakar nauyi. Wane rukuni zan nufa?

Rukuni biyu ne. Na farko yana yarda da bindiga har kilo 4.6 tare da madubinta, da kunama mai laushi yadda kake so muddin ba ta tashi da kanta. Na biyu shi ne na bindiga marar nauyi, mai ƙirar ta farauta: kada ta wuce kilo 3.855 da madubi da komai, kunamarta kuma kada ta gaza giram 907 wajen ja. Mai kuɗi kaɗan na biyun zai nufa, domin bindigar da ta cika sharaɗinsa ana iya shiga rukunin farko ma da ita. Kuɗi ɗaya, gasa biyu.

A nan mutane suke faɗawa tarkon bututu mai kauri. Yana da kyan gani, amma da ka ɗora madubi da zobbansa sai sikeli ya wuce iyaka, ga hannu yana gajiya tun kafin a kai ga raguna. Ka haɗa nauyin bindiga, madubi, zobba da gidan harsashi a takarda kafin ka biya. Ka kuma ɗaga ta a kafaɗa: nauyin ya zauna kusa da hannun hagu, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan, don hakan yana rage rawar baki.

Me ya sa kuke nanata kunama haka?

Saboda a tsaye saiti ba ya tsayawa cak. Yana shiga jikin dabbar, ya fita, ya dawo. Aikinka shi ne harbin ya tashi a lokacin da yake ciki, ba tare da yatsanka ya ture bindigar ba. Kunama mai nauyi, ko mai jan ƙafa, wadda kake ji tana gurzawa kafin ta saki, tana sa ka fizga, fizga kuwa tana kai harsashi ƙasa ko gefe. Mai kyau tana tsayawa a wuri ɗaya, ka ƙara matsi kaɗan, ta saki ba tare da gargaɗi ba, kuma haka take yi kowane lokaci. Kilo ɗaya mai tsabta ya fi rabin kilo mai gurzawa.

Kada ka sa fayil ko dutsen wasa a cikin kunama da kanka. Kuskuren da ido ba ya gani yana iya sa bindiga ta tashi da an rufe sakata. Idan tana da sukurun daidaitawa, ka bi littafinta. Bayan nan, ba harsashi a ciki, baki yana kallon inda ba kowa, ka rufe sakata da ƙarfi, ka bubbuga ƙota da tafin hannu. Idan ta saki, ta yi laushi da yawa, ka mayar.

Wane madubi zan ɗora mata?

A nan ne araha ba ta ado. Harsashin .22 yana faɗuwa da sauri: idan ka daidaita saiti a kan kaza a mita 40, kafin ya kai rago a mita 100 ya sauka fiye da santimita 20, ya wuce tsayin ragon gaba ɗaya. Saboda haka a kowace gasa kana murɗa majuyin sama na madubi daga kaza zuwa alade, zuwa talotalo, zuwa rago, ka sake dawowa. A yawancin madubai kowane "ƙas" ɗaya yana matsar da harbi kimanin milimita 7 a mita 100. Madubin da ba ya komawa daidai inda ya taso zai sa ka zargi bindiga, ka zargi harsashi, ka zargi kanka, alhali laifin yana cikinsa.

Gwajin ba wuya. Ka ɗora bindiga a kan buhun yashi a mita 50, ka harba uku. Ka murɗa ƙas 20 sama ka harba uku kana saita wuri ɗaya, 20 dama, 20 ƙasa, 20 hagu. Ukun ƙarshe su faɗa kan ukun farko, kusurwoyin huɗu kuma su yi murabba'i. Idan ba su yi ba, madubin ba na wannan wasan ba ne. Abu na biyu, ya zama yana da zoben daidaita nisa, a gaba ko a gefe, wanda yake sauka har mita 40 ko ƙasa. Don ka ga amfaninsa, bar bindigar a kan buhu, ka leƙa, ka motsa kanka kaɗan ba tare da ka taɓa ta ba. Idan gicciyen saiti yana yawo a kan abin harbi, nisan bai daidaita ba, kuma wannan yawon kuskure ne da zai bi harsashinka.

Batun jawowa: gwanaye suna amfani da ninki 24 ko fiye, amma sabon shiga idan ya leƙa irin wannan sai ya ga duniya tana girgiza, ya tsorata, ya fara fizga. Ka sayi mai canzawa, irin 4 zuwa 16 ko 6 zuwa 24, ka fara a wajen 10 ko 12, kana ƙarawa a hankali. Gicciye siriri mai ɗigo a tsakiya ya fi mai tarin layuka. Lambobin kowace dabba kuma ka rubuta su a ƴar takarda ka manna a ƙota.

Harsashi mai saurin gudu bai fi kayar da rago ba?

A'a. Mai matsakaicin gudu, wajen mita 325 zuwa 330 a daƙiƙa, shi ake so. Yana fita ƙasa da gudun sauti, ya ci gaba a haka har ya isa. Mai sauri yana fita sama da gudun sauti, ya faɗo ƙasa da shi a hanya, kuma galibi iska ta fi kaɗa shi. Masu tsananin gudu ma dokar gasa ta hana su don suna ɓata ƙarafan. Ragon ƙaramar bindiga ba ya buƙatar ƙarfi, matsakaicin yana kayar da shi lafiya.

Sunayen da za ka ji su ne SK, Eley, Lapua, RWS, Geco, Aguila da CCI. Kowane bututu da wanda yake so, ko da kuwa bindigogin samfuri ɗaya ne. Ka gwada iri biyu ko uku a kan buhun yashi, ka ba bututun harbi goma ko fiye ya saba da man kowane iri kafin ka yanke hukunci. Wanda ya yi, ka tsaya a kansa gwargwadon abin da izininka ya yarda, don canza harsashi yana canza lambobin da ka rubuta a ƙota. Ba sai mafi tsada ba, dalilin yana cikin amsar rabon kuɗi.

An yi mini tayin ta hannu. Me zan duba?

Takarda tukuna. Lambar da take jikin bindiga ta yi daidai da ta takardar mai ita, a kuma yi canjin suna a gaban hukuma, da izininka a hannu (koma amsar doka). Daga nan ka tabbatar da idonka ba harsashi a ciki, ka zare sakata, ka riƙe farin ƙyalle a inda haske yake faɗa masa, ka leƙa bututun daga baya. Zanen murɗen ciki ya fito tsaf har ƙarshe. Idan ka ga wani baƙin zobe a tsakiya, alama ce an taɓa harbi a kan harsashin da ya maƙale, bututun ya kumbura, ka haƙura da ita. Ka duba bakin da kyau, don ƴar ɓantara a nan tana watsa harbi.

Sai bakin ɗakin harsashi, inda allura take sauka. Idan an daɗe ana ɗana ta ana saki ba komai a ciki, allurar takan lotsa ƙarfen wurin, kwanso ya riƙa maƙalewa. Ka duba tsagewa a wuyan ƙota, ka gwada makullin tsaro. Kodewar fenti da ƴan ƙarce a katako ba komai ba ne, su ne ma dalilin neman ragi. Tsohuwar Brno ko CZ 452 da aka kula da ita ta fi sabbin masu araha da yawa.

Zafin Yamai da ƙurar hunturu ba sa ɓata kayan?

Suna yi, in ba a kula ba. Mai idan ya haɗu da ƙurar hunturu yakan zama kamar yashin wanke tukunya, yana cin ƙarfe a hankali. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka rage mai sosai: ka shafa, ka goge, ya zama sai ɗan sheƙi. Gilashin madubi kada ka goge shi da bakin riga, ka hure ƙurar tukuna sannan ka sa ƙyalle mai laushi. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba, musamman inda gumin hannu ya taɓa. Ƙotar katako tana shan laima ta kumbura, da rani ta bushe ta motsa, saitin ya bi ta. Shi ya sa na fi karkata ga ƙotar roba ko ta katako mai manne-manne. Ka riƙa zura takarda tsakanin bututu da ƙota ka ga ko har yanzu tana wucewa, idan dama haka aka ƙera ta.

Harsashin .22 yana da kakin mai a jikin dalmar. A watan Afrilu da Mayu, da zafi yake wuce digiri 40, kwalin da aka bari a mota ko a rana kakinsa yana narkewa, gudunsa ma ya canza. Ka ajiye shi a inuwa, a kulle, daban da bindiga, inda yara ba sa kaiwa. Da rana ta take kuma kawalwalniya tana tashi daga ƙasa, ta madubi sai ka ga rago yana ninƙaya. A rage jawowa, ko a yi harbi da sassafe. Iskar gefe mai gudun kilomita 15 a awa tana iya ture harsashi kimanin santimita 10 a mita 100, don haka ka kafa ƴan tsummoki a sanduna a hanyar harbi ka riƙa karanta su.

Kafin izini ya fito, ko idan harsashi ya yi wuya, akwai abin yi?

Akwai bindigar iska mai ƙwayar milimita 4.5, kuma tana da nata rukunin a wannan wasan. Dabbobinta kashi ɗaya ne cikin goma na manyan, ana jera su daga wajen mita 18 zuwa 41. Tsayuwa, numfashi, jan kunama da karatun iska duk iri ɗaya ne, gwangwanin ƙwaya 500 kuma bai kai kuɗin harsashi 500 ba ko kusa. Weihrauch da Diana na Jamus da Air Arms ta Ingila sun yi suna, Gamo ta Sifen ta fi araha. Mai sifirin tana da wani irin duka gaba da baya da yake kashe madubin da ba a yi don ita ba, ka tambaya kafin ka ɗora. Ita ma ka nemi bayanin matsayinta a wurin hukuma, don daga nesa ba mai bambanta ta da ta gaske.

Masu walda na kasuwar Katako a Yamai za su iya yanka mana dabbobin?

Za su iya, idan aka kai musu zane mai ma'auni daidai da farantin da ya dace. Ƙarfen ya zama mai tauri, shafaffe, kauri daga milimita 6 zuwa 10, kaji su fi kauri don su suka fi kusa. Ƙarfe mai laushi yana yin ramuka, rami kuwa yana iya maido da ɓarɓashin dalma wajen mai harbi. Duk wanda ya lotsa ko ya lanƙwashe a cire shi. Ƙafar da aka yi wa walda ta zauna daidai a kan dandamali, ba ta karkata ba. A fesa musu farin fenti ko baƙi, wanda ya fi fitowa a jan ƙasar wurin, a sake fesawa don mai duba maka ya ga inda harsashi ya sauka.

Bayan kowane layi sai da tudun ƙasa mai tsayi, marar duwatsu. Kowa a wurin ya sa tabarau na kariya da abin toshe kunne, har masu kallo. Ba mai taɓa bindiga idan wani ya tafi tayar da dabbobi: sakata a buɗe, gidan harsashi a cire, bindiga a ajiye. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, saboda dalma.

Mata da matasa suna iya yi?

Ƙwarai kuwa, Hajiya. Ba ƙarfin damtse ake nema ba, ƙashi ne yake ɗaukar nauyin, kuma mata suna cin gasa a wannan wasan. Abin lura shi ne tsawon ƙota: idan ta yi tsawo, wuya yana miƙewa, tsayuwa ta lalace. Yaro kuwa sai da babba a gefensa kowane lokaci, kuma sai abin da doka ta yarda game da shekarunsa.

Ina ta kuskure. Yaya zan gane laifina ne ko na bindiga?

Ka raba su. Ɗora ta a kan buhun yashi da safe, iska ba ta tashi ba, ka harba biyar-biyar sau uku a mita 50. Idan tarin ya tsaya wajen santimita 2 zuwa 3, bindiga ta fita daga zargi. Idan ya watse, ka fara da sukurorin ƙota da na zobban madubi, don su suka fi kwancewa, sannan gwajin murabba'i da yake cikin amsar madubi, sannan wani harsashin.

Idan laifin a tsayuwa yake, ka ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka ba abin harbi gefenka, gwiwar hannun hagu ta kwanta a haƙarƙari ko ƙugu. Ka ɗago bindiga zuwa fuska, kada ka sunkuyar da kai wurinta. Rufe ido, yi numfashi, buɗe: idan saitin ya koma gefe, ƙafafu za ka gyara, kada ka murɗa jiki. Ka saki rabin numfashi, ka matsa kunama cikin ƴan daƙiƙu. Idan ya wuce haka ka sauke ka sake ɗagawa, lokaci yana nan. Bayan ta tashi ka ci gaba da kallo ta madubi, ka faɗi inda kake zaton harsashin ya sauka kafin mai duba maka ya faɗa. Ana yin wannan atisayen a ɗaki ma, da ɗigon alƙalami a bango, bayan ka tabbatar sau biyu ba harsashi a bindigar ko kusa da kai. Ka sa kwanson roba na atisaye a ɗakin harsashi don kada allura ta lotsa shi, ka yi minti goma ko sha biyar a kullum.